Wasiƙa Ga Aminina Kan Na'urar Gem Da Za A Kawo Wa Iyali



Aminina,

Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Da fatan gwiwar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah, sai kuma zafin da ya fara shigowa da ƙarfinsa.

Na saurari saƙon muryar da ka turo, na yi dariya har uwar yara ta leƙo ta ga ko lafiya. Wato ƙaninka zai zo hutu daga Ingila, ya ce a faɗi abin da zai riƙo wa yara, shi ke nan gida ya rabu biyu. Babban ɗanka ya kafe sai PlayStation 5, uwargida kuma ta ce ko dai a kawo abin da zai tashe su daga kan kujera su motsa jiki, ko kuma a bar kuɗin a sayo musu takalma. Kai kuma ka ɗauko rigimar ka ɗora min. To, na karɓa. Sai dai maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a nitse, ka ba uwargida ita ma ta karanta.

Bari in fara ba ka hukuncin, dalilai su biyo baya. Ka ce ya sayo Nintendo Switch, babbar da ake jonawa da talabijin, tare da kaset ɗin Nintendo Switch Sports da ƙarin hannun wasa biyu. In kuɗin bai kai ba, ya nemo tsohuwar Wii ta hannu a can Ingila. Sauran duk ka bar su inda suke.

Na san yaron zai ɓata rai, kuma ina fahimtarsa. PlayStation 5 na'ura ce ta gaske, kuma ƙwallon da yake gani ana bugawa a gidan gem ita yake so a kawo masa har ɗaki. Amma ka taɓa miƙa wa Hajiya hannun PlayStation? Maɓallai sun haura goma, ga sanduna biyu da ake juyawa da manyan yatsu, kowanne da aikinsa. Yaro ɗan shekara 14 zai haddace su cikin yini, ya zauna a gaban talabijin shi da abokinsa, sauran gida su koma 'yan kallo. 'Yar autarka za ta yi kuka a ba ta, a ba ta ta kasa, a ƙwace. Wannan ai kamar mai iyali goma ne ya sayo babur. Abin da za ka auna shi ne, wa ya fi kowa rashin iya gem a gidan? In shi zai iya bugawa har ya ci wani, to na'urar ta iyali ce.

Ka tuna harbin agwagwar nan da muka yi muna yara, da bindigar roba mai waya? Shi kaɗai ne gem ɗin da manya ke karɓa daga hannunmu su ce bari su gwada, don ba sai an koya wa mutum yadda ake saita bindiga ba. Wannan bindigar ma ba ta aiki da talabijin na yanzu masu fale-falen jiki, sai da tsofaffin nan masu ƙeya. To dabarar da ke cikinta ita kamfanin Nintendo na Japan ya ɗauko ya faɗaɗa a ƙarshen 2006, lokacin da ya fito da Wii. Kamfanin tsoho ne, tun 1889 yake a birnin Kyoto, da katin karta ya fara. A lokacin Sony da Microsoft suna ta gasar wa ya fi kyan hoto da ƙarfin inji, shi kuwa ya fito da 'yar ƙaramar farar na'ura mai araha, dala 250, hotonta bai kama ƙafar nasu ba, amma hannunta rimot ne da ake lilo da shi. Aka sayar da fiye da miliyan 100. Har gidajen kula da tsofaffi a Amurka da Ingila suka riƙa shirya gasa da ita, asibitoci kuma suka sa ta cikin atisayen masu koyon motsa gaɓɓai.

Sirrin yana cikin faifan da ake haɗo ta da shi, Wii Sports: tanis, golf, dambe, ƙwallon sanda ta Amurkawa, da bolin, wato wasan nan da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kayar da sanduna goma. A tanis ɗin ko gudu ba kai za ka yi ba, ɗan wasan da kansa yake bin ƙwallo, naka kawai ka kai duka a kan lokaci.

Na ga aikin wannan da idona a kan Gwaggo, lokacin da ta zo mana jinyar ido. Matar da ko rimot ɗin talabijin ba ta yarda ta taɓa. Tana zaune a kujera, carbi a hannun hagu, jikarta ta zo ta zura mata igiyar rimot a wuyan hannun dama, ta ɗora mata ɗan ali a kan maɓallin da ke ƙasa. Ta ce, Gwaggo ki danne, ki kai hannu baya, ki kawo gaba, ki saki. Da farko ƙwallon sai ta bi kwata ta wuce, yara suna ƙunshe dariya. Can sai ta gyara zama, ta naɗe hijabi a kafaɗa, ta ajiye carbin a cinya, ta auna, ta saki. Sandunan suka zube gaba ɗaya. Ta dubi yaran ɗaya bayan ɗaya ta ce, “Af, ashe abin da kuke wa ihu ke nan?” Daga ranar, bayan sallar isha'i ita ke tambaya ko an kawo wuta. Ka lura, daga zaune ta yi duk wannan, don haka gwiwar Hajiya ba za ta hana ta ba.

To me ya sa ban ce Wii kai tsaye ba? Saboda ta tsufa. An daina ƙera ta da daɗewa, kantinta na intanet ma an rufe shi tun farkon 2019. Duk wadda za ka samu yau ta hannu ce, kuma akwai abubuwan da sai an kula.

Na farko wuta. Wutarmu ta nan bolt 230 ce, daidai da ta Ingila, soket ɗinmu ma mai baki uku irin nasu ne. Wii da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa cajarta ta bolt 120 ce. Ka soka ta a bango kai tsaye, sai ƙauri. Kasuwanninmu cike suke da irin waɗannan, an haɗa na Amurka da na Turai a kwali ɗaya, don haka duk wanda zai saya a nan ya juya cajar ya karanta abin da aka rubuta a bayanta. Sannan faifan Amurka ba ya tashi a na'urar Turai, na Turai ma ba ya tashi a ta Amurka. Tunda daga Ingila za a kawo muku, na'ura da faifai duk su zama na can, an huta.

Na biyu talabijin. Wii ba ta da ramin HDMI, da wayar nan mai kai uku take aiki, rawaya da ja da fari. Ka leƙa bayan talabijin ɗinku ka gani ko akwai ramukan. In babu, akwai ɗan abin da ake maƙala mata a baya ya mai da ita HDMI, ba shi da tsada. Hoton dai zai fito da ɗan hazo a babban allo, yara za su yi ƙorafi a ranar farko, su manta a ta biyu.

Akwai kuma wata siririyar sanda da ake ɗorawa a saman talabijin. Mutane suna zaton ita ke ganin rimot, alhali rimot ɗin ne ke ganin ta. Ƙananan fitilu ne a gefunanta biyu masu hasken da idon mutum ba ya gani, a goshin rimot kuma akwai 'yar kyamara da ke kallon su ta gane inda ka nuna. Shi ya sa in hasken rana na shigowa ta taga daga bayan talabijin, sai ka ga kibiyar tana rawa a allo. Shi ya sa kuma in sandar ta lalace, wasu ke kunna kyandir biyu a gaban talabijin, abin ya yi aiki. Na faɗa maka ne don ka sha mamaki, kada ka bari yara su ji. Shi lilon hannu kuwa wani ɗan ma'auni ne a cikin rimot ke jin sa. A 2009 aka ƙara wani da ke jin murɗawar wuyan hannu, aka kira shi MotionPlus, kuma faifan Wii Sports Resort ba ya tashi sai da shi. Rimot ɗin da aka haɗa da shi a ciki an rubuta a ƙasansa, irinsa za a nema. Kowane rimot yana cin batir biyu irin na agogon bango, rimot huɗu batir takwas ke nan. Ka sayi masu caji tun ranar farko, in ba haka ba mai shagon layinku zai san ka fiye da yadda kake so.

Wani abu kuma, masu sayarwa a nan kan ce sun zuba maka wasanni ɗari biyu a ciki kyauta. Kutse aka yi wa na'urar aka loda mata na sata, kuma ba wanda ya zauna ya tace. A cikin ɗari biyun nan akwai na yankan kai da zubar da jini, yaro kuwa sai ya buɗe kowanne. Faifai biyar da ka zaɓa da hannunka sun fi min su.

Duk da haka da tsohuwar zuma ake magani. Wii da Wii Sports da Mario Kart Wii, wanda ake sa rimot cikin sitiyarin roba a tuƙa mota, sun isa su riƙe gida shekaru, a kuɗin da bai kai rabin na Switch ba.

Yanzu Switch ɗin. Ta fito a watan Maris na 2017, kuma ita ma ta wuce miliyan 100 tuntuni, har ta zarce Wii. Allo ce mai batir a jikinta, da ƙananan hannaye biyu da ake zarewa daga gefe da gefe, ana kiran su Joy-Con. Ka zura ta a mazauninta, hoto ya koma talabijin ta HDMI. Kowane hannu ɗaya mutum ɗaya ne, wato daga kwali mutum biyu za su fara wasa, in an ƙaro biyu a zama huɗu. Ba ruwanta da sanda a saman talabijin, ba ruwanta da sayen batir, hannayen a jikinta suke caji kuma suna kai wajen awa 20.

Abin da ya sa na fifita ta a gida irin namu shi ne batirin nan. Ana tsakiyar wasa a ɗauke wuta, talabijin ya mutu, ita tana nan da ranta, wasan yana jira inda aka tsaya har a tada janareta. Wutar da take ja ba ta kai wat 20 ba, alhali PlayStation 5 kan ja wajen 200 in wasa ya yi zafi. Kai da ke lallaɓa inbata da sola ka san bambancin. Cajarta tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, kaset ɗinta kuma na kusan kowace ƙasa yana tashi, don haka duk wancan ciwon kai na Amurka da Turai babu shi. Wasannin a 'yan ƙananan kaset suke, ba faifai ba, babu karcewa, babu idon da ƙurar hunturu za ta rufe. Da yake ƙanana ne ƙwarai, kamfanin ya shafa musu wani sinadari mai ɗan karen ɗaci don yaro ya tofar in ya kai baki. Za ka ga manya suna lasa don su tabbatar. Gaskiya ne, ba sai ka gwada ba.

Kaset ɗin Nintendo Switch Sports ya fito a 2022. Akwai tanis, bolin, badminton, ƙwallon raga, wasan takobi da ƙwallon ƙafa. Daga baya aka ƙara golf da ƙwallon kwando, amma su sai an jona intanet an sauke, don haka ƙaninka ya yi wannan a can kafin ya taso, ya rage maka data. A kwalin akwai wani maɗauri da ake ɗaura hannun a cinya, mutum ya kai shuri da ƙafarsa ta gaske ƙwallo ta tashi a allo. Wannan ka nuna wa babban, zai ɗan sauko. In ka ga bai sauko ba, wasan ƙwallon da yake so, wanda a da ake kira FIFA, yanzu EA Sports FC, akwai shi a Switch. Kyan hoton bai kai na PlayStation ba, amma ƙwallo ce.

Gaskiya ɗaya da zan faɗa maka, wannan kaset ɗin na motsa jiki sai da talabijin ake yin sa da yawa. In babu wuta, abin da zai yi muku amfani shi ne Mario Kart 8 Deluxe: a jingine allon a kan tebur, mutum biyu su yi tsere. Shi ma ana tuƙi da karkata hannu, kuma yana da wani saiti da ke taka wa yaro totur da kansa, ya kuma hana motarsa faɗawa rami. Ka kunna wa 'yar auta, ta yi ta tsere da yayyenta tana ganin ita ke yi.

Ga tarkon da nake so ka gargaɗi ƙaninka a kai. Akwai Switch Lite, ta 2019, ta fi araha, launukanta masu kyau, kuma idon mai son sauƙi a kanta yake fara sauka. Ba ta jonuwa da talabijin ko kaɗan, hannayenta kuma a manne suke. Ta mutum ɗaya ce, ya shige ɗaki ya ja bargo. Araha ba ta ado. Ko dai ta asali, ko mai allon OLED ta 2021, su biyun duk ɗaya suke a talabijin. Akwai kuma Switch 2 da ta fito a watan Yuni na 2025 a kan dala 450. Ta fi ƙarfi, kuma tana ɗaukar yawancin wasannin tsohuwar, amma don lilon hannu a falo ban ga abin da za ta ƙara muku da ya kai bambancin kuɗin ba. Wasu kaset ɗinta ma babu wasan a ciki, mabuɗi ne kawai, sai ka sauke wasan gaba ɗaya daga intanet. Da wace datar?

Aibin Switch da duniya ta sani shi ne 'yar sandar da ke kan hannun takan fara tafiya da kanta bayan an sha amfani da ita, ka ga ɗan wasa yana gangarawa gefe ba wanda ya taɓa shi. In sabuwa za a saya, shi ke nan. In ta hannu ce, a shiga saiti wurin gwada sanduna, a saki hannu a gani ko alamar ta tsaya cak a tsakiya. A kuma jona ta da intanet a gaban mai sayarwa, don wadda aka taɓa yi wa kutse kamfanin kan toshe ta. Caja kuma ta asali, kada a yarda da kowace iri.

Ka ce wani a wurin aikinku ya ba ka labarin wadda ba a riƙe komai, mutum ya tsaya kawai ya yi ta motsi. Kinect ke nan, ta Microsoft, wadda ta fito a ƙarshen 2010 don Xbox 360. Abin mamaki ce a zamaninta, cikin kwana 60 na farko aka sayar da miliyan 8. Kyamara ce da ke watsa ɗige-ɗigen hasken da ba a gani a ɗaki, ta auna nisan komai, ta zana ƙasusuwan mutum: ga kai, ga kafaɗa, ga gwiwar hannu, ga ƙafa. A nan matsalarmu take. Sai ta ga gaɓɓai a rarrabe take ganewa, kaya masu yalwa suna rikita ta. To ka dubi falonka da yamma. Kai da jallabiya, uwargida da zani, 'yan mata da hijabi har ƙasa, Hajiya da mayafi. Waɗanda suka ƙera ta da mai wando da riga 'yar shara a ransu suka yi. Sannan tana son fili, kusan mita 2 tsakanin mutum da talabijin, in mutum biyu ne fiye da haka, wato kullum sai an fitar da teburin tsakiya. An daina ƙera ta a 2017, sababbin Xbox kuma ba sa karɓar ta. Ita kanta Xbox 360 ta farkon an san ta da mutuwa in ta ɗau zafi, ta kunna jajayen fitilu uku, har a 2007 kamfanin ya ware fiye da dala biliyan 1 don gyara. Ka kawo wadda ta shekara goma sha a hannun wani, ka ajiye ta a ɗakinku a watan Afrilu? A'a.

Sony ma sun yi tasu a 2010, PlayStation Move, sanda mai ƙwallo mai haske a kai. Tana da kyau, amma wasannin iyali a kanta kaɗan ne, kuma zamaninta ya wuce. Gilashin nan nasu da ake rufe ido da shi a ga wasa a ciki kuwa, kamfanin da kansa ya ce ba na yaro ƙasa da shekara 12 ba ne, kuma mutum ɗaya ne ke ciki, sauran suna kallon sa yana dukan iska. Akwai wata sabuwa daga Amurka, Nex Playground, ɗan akwati mai kyamara da aka yi musamman don ƙananan yara. Da wasanni 5 take zuwa, sauran sai ka riƙa biyan kuɗin wata uku-uku ko na shekara, da dala. Na san ka, na san abin da za ka ce.

Sai maganar uwargida ta motsa jiki. Tana da gaskiya, amma kada ta sa rai da yawa. Tun a 2007 masu bincike a wata jami'a a Libaful suka auna yara suna buga Wii Sports, suka ga sun fi mai zaune da hannun gem ƙona kuzari, amma ba su kusanci mai buga wasan na gaske a fili ba. Ga shi yara da wayo, ba a jimawa suke gano cewa ɗan kaɗa wuyan hannu daga kwance ma yana aiki. Ka kafa doka, wanda zai buga ya miƙe tsaye, in ban da Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, kuma ƙwallon layi da langa da keke ne za su cika wannan. In uwargida da gaske take, akwai Ring Fit Adventure na 2019, wani zobe mai tauri da ake matsawa da ja, ana gudu a tsaye ana tsugunnawa. Wannan kam yana fitar da gumi, kuma ina zargin ita da kai ne za ku fi yaran amfana, ganin yadda tumbinka ya yi a hoton sallah.

Kan tarbiyya, kowane kwali na Turai yana da lamba a kusurwa: 3, 7, 12, 16 ko 18, shekarun da wasan ya dace da su ke nan. Na Amurka haruffa ne, E na kowa, T na matasa, M na manya. Amma da ma'auninsu suka auna. Misali Just Dance, wasan rawa da ya yi suna ƙwarai, lambarsa ƙarama ce, alhali waƙoƙin Turawa ne da shigarsu da irin rawarsu. Za a ce maka shi ne ya fi kowanne sa gumi, kuma ba ƙarya ba ne. Ka fara kallon sa kai da uwargida kafin ku yanke. Ni dai ban shigo da shi gidana ba.

Switch tana da manhajar iyaye da ake sawa a waya, kyauta. Ka ƙayyade awa nawa a rana, kowace rana da nata, ka sa lokacin da za ta tsaya da dare, kuma kana iya sa ta katse wasan da kanta in lokaci ya cika. Tana nuna maka abin da aka buga da tsawon lokacin. Sai dai tana buƙatar na'urar ta riƙa hawa intanet lokaci-lokaci don saitin ya isa gare ta. Lambar sirrin kuwa kada ka sa shekarar haihuwarka, babban ya san ta. A gidana dokar ita ce ranakun makaranta babu, sai Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya da yamma, sai kuma Asabar da Lahadi bayan an ba da hadda, kuma da an kira magariba a ajiye. A wasannin da na zaɓa maka, bugawa da baƙi ta intanet sai an biya wani kuɗi daban. Kada ka biya, ka ga ƙofar ta rufe kanta.

Abu na ƙarshe, igiyar wuyan hannu. Wata guda da fitowar Wii, kamfanin ya yi shelar canza igiyoyi fiye da miliyan 3 da masu kauri, saboda rimot na suɓucewa daga hannun masu gumi yana fasa talabijin. Hannun Switch ma da igiyarsa yake zuwa, kuma yara ba sa son sawa. Ba igiya, ba wasa. Ka kuma ɗaga kai ka dubi fankar falonku. A tanis da badminton hannu sama yake tafiya, kuma babban naka ya yi tsawo. A matsar da wurin tsayuwa daga ƙarƙashinta, a ja layi a ƙasa, ƙanana kuma su zauna a bayan layin, don mai lilo ba ya ganin wanda ke gefensa. In an gama a rufe na'urar da ƙyalle saboda ƙura, amma ba tana kunne ba.

Don haka abin da za ka tura wa ƙaninka: Switch ta asali ko OLED, ban da Lite, ƙarin Joy-Con biyu, kaset na Switch Sports da na Mario Kart 8 Deluxe, na hannu ma sun yi. Ka ce ya ɗauki hoton kwalin ya turo maka kafin ya biya, kai kuma ka turo min in duba.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina mata addu'a. Ka gaida uwargida da yara. Uwar yara tana gaishe ku.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka.